SHIGA MAJAMI'UN TARIHI: IBIRA KO YAWON BUƊE IDO?

Da yawa cikinmu na fita ƙasashen waje neman ilimi ko fatauci, kuma tambayar da ke yawo ita ce: shin ya halatta Musulmi ya shiga tsohuwar majami'ar Kirista don kallo?

Malamai sun saɓa. Wasu sun karhanta, musamman inda akwai gumaka da hotuna, wasu kuma sun halatta matuƙar ba ibadarsu za a shiga ba. Ra'ayinmu shi ne: wanda aƙidarsa ta zauna, ya shiga da niyyar ɗaukar darasi. Wanda hoto kawai ya kai shi, ya tsaya waje.

Dubi Sayyidina Umar (RA) lokacin da ya karɓi Ƙudus. Masana tarihi sun ruwaito cewa an yi masa tayin salla a cikin babbar majami'ar birnin, sai ya fita ya yi a waje, don kada Musulmi su ƙwace wurin bayansa. Ya tsare aƙidarsa, ya kuma tsare haƙƙin masu wurin.

In ka je Istanbul, Aya Sofiya an gama gina ta a 537 a matsayin majami'a, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, ta sake komawa masallaci a 2020. A Kurɗuba ta Andalus kuwa, babban masallacinmu ne ya koma majami'a a 1236, bayan da Musulmi suka rarrabu. Wanda ya tsaya a nan bai ji tsoron rarrabuwa ba, asarar kuɗin jirgi ya yi.

Mu mutanen Zuru wannan darasi ya fi shafa. A gida ɗaya za ka sami mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kakansu guda. Abin kunya ne ɗan uwa ya yi ladabi a majami'ar Turawa, ya dawo gida yana yi wa kawunsa izgili ranar Lahadi. Alƙur'ani, a Suratul An'am aya ta 108, ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa.

Saboda haka in ka shiga, kada ka yi sujada, kada ka nemi tabarruki, kada ka wulaƙanta kowa. Allah ya ba mu basira. Wassalam.