Filin Kiwon Lafiya: Yadda A Ke Rufe Ƙofar Jijiya Bayan Gyaran Babbar Jijiyar Jini

Babbar jijiyar jini wadda ta taso daga zuciya ta gangara cikin ciki takan raunana ga wasu dattawa, musamman masu shan taba, har ta kumbura kamar tsohuwar salka. In ta fashe, da wuya a kai mutum asibiti da rai. Wannan ciwo ne ya kashe masanin nan Albert Einstein cikin 1955.

A dā sai an tsaga ciki kafin a gyara ta. Cikin 1990 wani likita a ƙasar Ajantina, Juan Parodi, ya bi ta jijiyar gindin cinya, wajen da kaluluwa kan fito, ya tura wani bututun ƙyalle mai ƙarfe a jiki har wurin kumburin, ya buɗe shi daga ciki, jini ya riƙa bi ta cikinsa. Ciki ya huta da wuƙa, amma wahalar ta koma gindin cinya.

Dalili kuwa, kuben da a ke zura bututun a ciki wani kan kai kaurin milimita 8, kusan faɗin ita jijiyar kanta. Kuma jinin da ke cikinta yana tafe ne da ƙarfin bugun zuciya, ba a tsai da shi da auduga da danniyar hannu kawai. Saboda haka da farko akan yanka fata, a fito da jijiyar a fili, in an gama a ɗinke ta da hannu. Aikin yana da aminci, sai dai gindin cinya wuri ne mai gumi da lanƙwasa, miki a nan kan yi ruwa, ya daɗe bai warke ba.

Cikin 1999 aka bayyana wata dabara da ta juya aikin. Tun ramin yana ƙarami, kafin a faɗaɗa shi, sai a sa wata na'ura, irin su Prostar ko ProGlide, ta soka zare a bakin jijiyar. A bar zaren a waje ba a ƙulla ba, a yi aikin duka, in an zare kube sai a ja zaren, bakin ya tsuke kamar na jakar kuɗi. Yawancin likitoci kan sa ProGlide biyu a karkace ga juna. Majiyyaci yakan miƙe da wuri, a sallame shi da wuri.

To, amma na'urar ba ta da ido. In bangon jijiya ya ƙandare kamar dutse, allurar ba ta huda shi. Mai ƙiba ƙwarai da mai tsohon tabo a wurin su ma sukan ba ta wuya. In kuma an soka sama da inda ya kamata, jini na iya tsiyaya can bayan ciki ba wanda ya gani, sai dai a ga mutum yana yanƙwanewa. Shi ya sa ƙwararru kan nemi wurin sukar da na'urar hoto irin ta awon masu juna biyu, kuma ba su zare siririyar wayar da ke cikin jijiya sai sun tabbata jini ya tsaya. Daga nan su taɓa ƙafa su ji bugu, domin ƙulli in ya matse da yawa yakan toshe hanya, ƙafa ta yi sanyi.

Asibitin da zai sayi wannan na'ura wajibi ne ya ajiye likitan da ya iya yanka da ɗinkin hannu a kusa.