Gitar Abzin a kunnen Tasawa da Mayahi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A fadojin matasa na Tasawa da Mayahi, in an aza shayi bisa gawayi aka buɗe zancen kiɗan gita, nan da nan majalisa kan rabu gida biyu. Akwai masu yawa, waɗanda suka san Bombino da Mdou Moctar da Tal National ta cikin salula kawai, waƙa ta bi katin waya daga hannu zuwa hannu har ta iso gare su. Akwai kuma ƴan kaɗan da Allah ya nufa suka tsaya da ƙafafunsu a filin wasa, a Agadas ko Arlit ko Yamai, suka ga makaɗan ido da ido. Waɗannan na biyu in sun buɗe baki sauran kan yi tsit, kamar yadda a da ake yi wa falken da ya dawo daga Gwanja.

Kiɗan da ake magana a kai, Turawa sun sa shi cikin dangin abin da suke kira rok. Su masu shi gita kawai suke ce masa, ko kuwa asuf, wato kewa da begen gida. Kayan aikin ba su da yawa: gita biyu masu aiki da lantarki, da wata babba mai kaurin murya, da jerin ganguna irin na orkes. Asalinsa yana wurin samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980, waɗanda ake kira ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ita ce ta fara fice. A Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou ne ya riƙe tutar, a zamanin tawayen da ya fara a 1990, lokacin da kaset ɗinsa ke yawo a ɓoye, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995.

Wasan da aka fi ambato har yanzu shi ne na watan Janairun 2010 a Agadas. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, ya bar ƙasar a lokacin tawaye na biyu, wanda ya tashi a 2007, bayan an kashe abokan kiɗansa biyu. Ya yi zaman gudun hijira a Burkina Faso. Da ƙura ta lafa ya dawo gida, kuma da yardar Sarkin Abzin na lokacin, Ibrahim Umaru, ya kafa kayansa a gindin babban masallacin garin, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27. Mutane fiye da dubu suka taru. Wani Ba'amurke mai shirya fim, Ron Wyman, ya ɗauki wasan, shi ya sa wanda bai je ba ma yana iya ganin yadda taron ya kasance. Garin ya kwashe sama da shekara biyu ƙarƙashin dokar tsaro ta musamman, ga tsoron nakiya bisa hanyoyi, baƙi masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, kasuwa ta mutu. Saboda haka abin da mai kallo ya tafi da shi gida a ranar ya wuce daɗin waƙa. Ya ga maƙwabcinsa na rawa a bainar jama'a ba mai waiwaye.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan Batasawe da wasan Agadas? Ruwansa da tsaki. Tun kaka da kakanni ayarin Abzinawa ke saukowa da gishirin Bilma da dabino zuwa ƙasar nan tamu ta hatsi, su koma da gero. Harshen kasuwar Agadas Hausa ne. Ma'aikacin gwamnati, malamin lakwal ne ko na likita ko jandarma, ana iya tura shi arewa ya yi shekaru. Tun da aka gano zinariyar Jado a 2014 kuwa, samarin ƙauyukanmu da suka bi hanyar arewa ba su ƙirguwa. Duk wanda ya yi wata biyu a Agadas ya tsaya a bikin aure ko da sau ɗaya, kuma a can bikin aure shi ne dandalin gita. Daga nan labarin ke fitowa.

Abu na farko da masu dawowa ke faɗi shi ne ƙara. Sukan ce salula maƙaryaciya ce, domin abin da take fitarwa kamar kukan sauro ne in an gwada da na fili, inda babbar gita ke dukan ƙirjin mutum har ya ji haƙarƙarinsa na amsawa. Na biyu shi ne tsawo. Waƙar da ke ƙarewa cikin minti huɗu a waya, a fili ba ta da ranar ƙarewa: mai ganga ya ƙara wuta, mai gita ya bi shi, a sake ƙarawa, har sai masu rawa sun gaji ko injin wuta ya shaƙe. Babu dakali, babu shinge. An shimfiɗa tabarma ko darduma, makaɗa na tsaye cikin mutane, yara sun kewaye su har suna taka wayoyin lantarki, mata na guɗa, ƙura ta tashi ta rufe fitila. Samari su shigo fili biyu-biyu, su taka, su fita, wasu su shigo.

Amma abin da ya fi ratsa su, wanda sukan daɗe a kansa, shi ne ganin hannu. Yaron da ya tashi a zamanin nan ya saba da waƙar da aka haɗa a ɗakin ɗauka da piyano da kwamfuta, mawaƙi ya zo biki a kunna masa faifai, shi kuma ya riƙe makirfo yana motsa baki. Ran da wannan yaro ya ga yatsu huɗu na gudu bisa tsirkiya, sautin na fita nan take, in an yi kuskure kowa ya ji, in an gyara kowa ya ji, sai ya gane ashe abin da kakansa ke faɗi game da masu goge da gurmi ba cika baki ba ne. Da yawansu ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamashek. Bai hana su dawowa suna kwaikwayon kiɗan da baki ba.

Mutumin Mayahi yana da nasa ma'aunin. Wanda ya tashi a Gulbin Kaba, inda goge da garaya da ƙwarya suka daɗe suna kiran masu bori, ya san kiɗan da ke maimaita kansa yana ƙara sauri har mai saurare ya manta inda yake. In ya ji gitar Abzin ta hau wannan hanya, ba ya jin baƙon abu. Dattawan da suka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1980 kan ƙara da cewa ai mu ma mun yi namu: marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko kiɗan bori ya aza shi bisa gita da gangunan orkes, kuma faifan da ya yi tare da Musa Pusi, Niamey Twice, ya fita a Ingila a 1994, tun kafin Turawa su san sunan Bombino. Suna da gaskiya, kuma ya kamata matasa su ji wannan.

Ba yabo kaɗai ake dawowa da shi ba. Ɗan kasuwa yakan yi ƙorafin da ya fi kowane nauyi a ƙasar Hausa: an kwana ana kiɗa ba a kira sunan kowa ba. Shi ya saba da Shata da Ɗanƙwairo, inda makaɗi ke tsayawa ya jero asalin mutum da kyautarsa, maroƙi na ƙara gishiri, sannan hannu ya shiga aljihu. To wa zai yi wa kari da jika goma a waƙar da ke zancen hamada da kewa da haɗin kai, ba ta ambaci ubansa ba? Ma'aikaci kuwa agogo yake dubawa. An ce ƙarfe takwas, ba a fara ba sai sha ɗaya, lasifika ɗaya na kuka, gobe kuma akwai biro. Duka biyun ba ƙarya suka yi ba, sai dai na ɗan kasuwan shi ne ya taɓa inda ke ciwo, domin a ƙasar nan makaɗi da aljihun mai gida yake rayuwa.

A ƙetare lissafin daban ne. Mdou Moctar, bahagon ɗan jihar Tawa wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin muryar injin nan ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta Bluetooth da katin waya waƙoƙin suka bazu, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya fitar da ɗaya cikin wani tarin waƙoƙin salular Sahara a 2011. Daga nan sai Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, da manyan dandalin Amurka da Turai. Masu kallon can tikiti suke saye tun da sauran makonni, su tsaya fuskarsu na duban dakali, su yi tafi a ƙarshen kowace waƙa, in an tashi su kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne. Kwatancen girmamawa ne a wurinsu, ko da yake wanda ya san takamba da tende, turmin nan da matan Abzin ke ɗaure wa fata su kaɗa, ya san ba daga Amurka wannan gudun ya fito ba. Da juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rutsa da ƙungiyar tana Amurka, iyakoki a rufe, masoyan can ne suka tara musu kuɗin zama. Bombino ma, faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu neman kyautar Grammy.

Waɗanda suka je Yamai kuwa Tal National suka fi kawowa a baki, kuma dalilin a fili yake: suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kowa na tsintar nasa. Wanda ya kafa ta a 2000, Hamadal Issoufou Moumine da ake kira Almeida, ya yi aikin shari'a da rana yana kiɗa da dare, abin da ke ba ma'aikata dariya da sha'awa gaba ɗaya. An san su da wasan awa biyar ba hutawa, makaɗa na karɓar juna kamar masu daka, kuma yawansu ya isa su rabu biyu su yi wasa wuri biyu a dare ɗaya. Faifansu na 2018 sunan Hausa gare shi, Tantabara.

Saura tambayar da ba a cika yi a fada ba. Me ya sa sai ɗan Tasawa ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa Yamai, ko ya bi hanyar Tanut zuwa Agadas, kafin ya ga mutum huɗu na kaɗa gita? A zamanin Seyni Kountché, da samariya da bikin matasa na ƙasa, kowace jiha na da orkes ɗin da take taƙama da shi, kuma gasar Ɗan Gurmu ta fito da makaɗa da dama. Wancan tsari gwamnati ce ke ɗauke da shi, da ta sake shi sai ya faɗi. Kawo ƙungiya daga nesa yana bukatar mota da man mota, da masauki, da lasifikan kirki, da injin wuta na tsaye ko da wuta ta ɗauke, da jami'an tsaro a ƙofa. Mai biki ya duba wannan, ya duba yaron unguwa mai lasifika biyu da ɗan maɓallin waƙoƙi a aljihu, sai ya zaɓi mai sauƙi. Ba za a ga laifinsa ba.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗi. Tun tarzomar Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka yi a Yamai ta kai ga ƙone mashaya da wasu wurare a Maraɗi, duk mai shirya wasan dare a jihar nan sai ya yi tunani sau biyu. Damuwar malamai da iyaye game da giya da cuɗanyar dare damuwa ce ta gaske, ba a share ta da dariya. Sai dai wasan 2010 da aka ambata a sama a gindin masallaci aka yi shi, da izinin sarki, kuma Agadas ba ta fi Tasawa ƙarancin malamai ba. Abin da ya bambanta shi ne an sami manya da suka tsaya suka ce a yi, suka kuma faɗi yadda za a yi.

Masu cewa mutanenmu ba su fita kallo, su je filin kokowa. Tun da Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, ba a taɓa rasa ƴan kallo ba, kuma alhazan da ke jin nauyin kari ga mai gita su ne ke aza buhunan shinkafa da babura ga ɗan kokowa, domin a can ana kiran suna a lasifika, rediyo na ɗauka. Gidan matasa yana nan, fili yana nan, bayan girbi aljihun manomi ba ya rasa ɗan abin tikiti. Wasan la'asar da za a tashi kafin magariba ba ya hana ma'aikaci biro, ba ya hana kowa salla. Mai gita kuma, in yana son Tasawa da Mayahi, ba zai mutu ba don ya koyi gaida mai masaukinsa da suna tsakanin waƙa da waƙa.