Zariya: Ko ginin ƙasa zai dawo da sabuwar fuska?

A duk lokacin da bazara ta kankama a watannin Maris da Afrilu, mazauna Unguwar Gabas da Muciya a Sabon Garin Zariya, da ɗalibai da ma'aikatan da ke haya a Samaru, kan fito da tabarmi tsakar gida da daddare, saboda ɗakunan bulo da rufin kwano ba sa kwantuwa.

Amma a cikin birni, bayan ganuwa, har yanzu akwai tsoffin soraye na ƙasa waɗanda mutum kan shiga da tsakar rana ya ji sanyi, babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki.

Wannan bambanci ne ya sa masana zanen gine-gine ke tambayar ko ba a yi gaggawar juya wa ginin gargajiya baya ba.

Tsadar siminti

Tambayar ta ƙara ƙarfi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa tayar da janareta ya gagari iyalai da dama.

A watan Fabrairun 2024 kuma farashin buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wasu sassan Najeriya, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka amince da farashin naira dubu 7 zuwa dubu 8.

Baya ga tsada, sarrafa siminti na haddasa kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama yanayi wadda duniya ke fitarwa.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan nazari ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda zafi ya fi na Zariya tsanani, an fara gina birnin Masdar a Abu Dhabi a shekarar 2008, kuma aka koma ga dabarun kakanni: lunguna masu inuwa, da doguwar hasumiya mai kamo iska ta turo ta ƙasa, irin waɗanda ake gani a tsohuwar unguwar Al Fahidi ta Dubai.

Gadon magina

Zariya ma tana da nata gadon. Maginan Hausa sun san tubali, da azara ta itacen giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da makuba da ake samu daga ɗorawa don kare bango daga ruwa, da indararo mai zubar da ruwan rufi nesa da gini.

Katanga mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ta sake shi cikin dare. Zaure da tsakar gida kuma suna ba iska hanya, tare da kiyaye sirrin iyali kamar yadda addini da al'ada suka tanada.

Sai dai Sabon Gari, wanda ya kafu bayan isowar jirgin ƙasa a wajajen 1911, da Samaru, wadda ta bunƙasa da kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun tashi ne a kan wani tsari dabam: fuloti a jere, da ɗakunan haya suna fuskantar juna. Sannu a hankali bulo da kwano suka zama alamar wadata, ginin ƙasa kuwa aka mai da shi na marasa hali.

Darasin masallaci

Masu shakkar ginin ƙasa suna da hujjarsu. Ranar Juma'a 11 ga watan Agustan 2023, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, inda aƙalla mutum bakwai suka rasu.

Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina masallacin a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma bakan-gizonsa sun shahara har aka yi kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

To amma ginin da ya tsaya kusan shekara 190 ba za a ce kayan aikinsa ne marasa inganci ba. Abin da lamarin ya fi nunawa shi ne ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa. A da, kowane magidanci ya san yaɓe kafin damina wajibi ne, kuma akwai Sarkin Magina da mutanensa. Yau ƙwararrun sun yi ƙaranci, 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo.

Haɗa tsoho da sabo

A nan ne dabarun zamani ke da amfani. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinan matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, su fitar da bulo mai ƙarfi. Idan aka ɗora irin wannan bulo a kan tushe na dutse da kankare, aka yi rufi mai baki da ke kare bango daga ruwan sama, wahalar yaɓe ta kowace shekara tana raguwa ƙwarai.

An riga an gwada hakan a ƙasar Hausa. A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da irin wannan bulo a 2018, suka kuma mai da tsohon masallacin ɗakin karatu, tare da maginan yankin.

Zariya na da abin da Dandaji ba ta da shi, wato sashen koyar da zanen gine-gine na jami'ar da ke Samaru, wanda ya fi kowane daɗewa a Najeriya. Shi ma masanin nan Friedrich Schwerdtfeger, a kan gidajen Zariya ya gina wani ɓangare na littafinsa na 1982 game da gidajen gargajiya a biranen Afirka.

Saboda haka ilimin yana nan, ƙasar ma tana nan. Abin da ya rage shi ne hukumomin tsara birane su fito da ƙa'idoji bayyanannu kan ginin ƙasa, a horar da matasan magina tun dattawan sana'ar suna raye, sannan gwamnati ta fara da nata makarantu da asibitoci domin jama'a su gani da idonsu.

Mai gidan haya a Unguwar Gabas ba zai sauya ra'ayi saboda laccar jami'a ba. Zai sauya ne ranar da ya ga maƙwabcinsa ya gina da ƙasa a kan kuɗi kaɗan, damina ta wuce bango bai tsage ba, kuma 'yan haya suna rububin ɗakunan saboda sanyinsu.