Lilo Ma Yana Tsufa, Uwargida

Sallah ta matso, na san yara sun fara lissafin barka da Sallah. Daga Bichi, Ɗambatta da Minjibir za a cika motoci zuwa Gidan Zoo na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Baƙo, wasu kuma lilon bakin kasuwa ya ishe su. Kafin ki ce "a dawo lafiya", ga wani labari.

A garin Sandusky na jihar Ohayo ta Amurka akwai wani katafaren filin wasa mai suna Cedar Point. A 1985 suka buɗe wani jirgin wasa, Avalanche Run, wanda aka kwaikwayo daga tseren sulɓi a kan ƙanƙara. Kekunansa ba a maƙale suke da dogo ba. Cikin wani ƙaton indararo na ƙarfe suke gudu, in an zo kwana sai keken ya haye gefen bango ya sauko, yana gudun da ya haura kilomita 60 a awa.

A 1990 aka rufe shi da gini, aka sa duhu da fitilu, aka sauya masa suna zuwa Disaster Transport. Sannu a hankali kayan ƙawar suka lalace. In an yi ruwa kuma dole a tsayar da shi, domin danshi a indararon kan hana tayoyin kama ƙarfen sosai. Ranar 29 ga Yulin 2012, bayan shekara 27, aka yi masa hawan ƙarshe, daga baya aka rushe shi. A 2013 wani sabo, GateKeeper, ya maye wurin.

Kin ga ke nan, masu injiniyoyi da kuɗi ma sun yarda abin hawa yana da wa'adi. To ina ga lilon da ya kwana a rana da damina tun Sallar bara?

Ki je da kanki, ko ki tura babba mai hankali. Ki duba wuraren da aka yi walda, nan tsatsa ke fara ci. Ki duba sarƙa da noti. In kin ga an ɗaure da waya ko tsumma, ki janye ɗanki. Ki tsaya a yi zagaye ɗaya ki gani: kujerar mutum biyu nawa ake ɗorawa? Mai lilon yana kallon yaran, ko kuɗi yake ƙirgawa? Kada a ɗora ɗan yaye a cinyar yayarsa, hannunta ba zai riƙe shi da ƙarfen a lokaci guda ba. In an yi ruwa, a jira ya bushe.

Lilon gida ma haka ne. Igiyar rama da ke rataye a reshen tsamiya ko darbejiya tana ruɓewa daga ƙulli, gara kuma kan cinye reshe ta ciki alhali bayansa lafiya lau. Babba ya fara gwadawa, a kwashe duwatsu da turmi daga ƙarƙashi.

Za a ce miki tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Yaron da kika hana zai yi kuka, kafin Magariba ya manta. Karaya kuwa sai an yi makonni ana zarya wurin mai ɗori.

Yaya lilon garinku yake? Ki faɗa mana a ƙasa don 'yan'uwa su amfana. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa a yi Sallah lafiya.