Shawara Ga Mai Gida: In Za Ka Sayi Zarto Mai Inji

A makon nan za mu dubi wani kayan aiki wanda a da sai a hannun 'yan katako na kurmin kudu a ke ganinsa, amma yanzu ga shi nan a rataye a shagunan Kano da Kaduna da Ikko, har magidanta sun fara tambayar kuɗinsa. Watau zarto mai inji, wanda waɗansu ke kira injin yankan itace. Dalilin da ya sa ido ya koma kansa ba ɓoyayye ba ne. Kowane farkon damina iska takan tuge darbejiya ta ɗora bisa katanga, ko ta karya reshen mangwaro ya tare ƙofa, ga kuma masu lambu da gonaki a bayan gari suna fama da tsadar 'yan ƙodago. Itacen da mai gatari zai wuni yana sara, wannan inji zai daddatsa shi kafin a sauke tukunyar tuwo.

To, amma kafin mai gida ya kwance bakin lalita, ya kamata ya tambayi kansa sau nawa a shekara zai tayar da wannan inji. In sau ɗaya ne ko biyu, shawararmu ita ce ya ɗauko gwani ya biya shi lada, ya riƙe sauran kuɗinsa. Injin da a ka jingine wata da watanni da fetur a cikinsa, man yakan lalace ya daskare a kafireta, ran da a ka neme shi sai ya ƙi tashi, sai an kai shi wurin makaniki. Wanda ke da gonar itatuwa ko lambu mai faɗi, ko kuwa gidan da a ke faskaren itacen girki kullum, shi ne sayen zai yi wa rana.

Wannan inji ya kai shekara ɗari da ƙirƙirowa ko kusa da haka. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, sa'an nan mai fetur a 1929, kowannensu ya haura kilo 40, sai mutum biyu ke riƙe shi. Irin sarƙar da a ke amfani da ita yanzu kuwa wani Ba'amurke mai yankan katako, Joseph Cox, ya fito da ita a 1947, bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke cin gungume. A 1959 kamfanin Stihl ya fito da wani inji marar nauyi na mutum ɗaya wanda ya yi kasuwa ƙwarai, a shekarar ce kuma kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga wannan sana'a. Sunayen nan biyu har yau su ne kan gaba, shi ya sa masu jabu su ka fi kwaikwayonsu.

Iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai mai waya wanda a ke jonawa da lantarki. Shi ya fi araha da sauƙin riƙo, ba hayaƙi, ba ƙara mai yawa, amma yakan ci wat 1,800 zuwa 2,000, ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka kuwa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba. Ga shi kuma iyakar tafiyarka iyakar tsawon waya. Akwai mai batir, wanda ya yi kyau ga sassaƙe rassa a cikin gida, musamman ga mai lantarkin hasken rana, sai dai batirin shi ne rabin kuɗin, zafin bazara kuwa yana rage masa kwana, saboda haka a tambayi inda za a sami wani in ya mutu. Na uku shi ne mai fetur, wanda ya fi ƙarfi, ba ruwansa da ɗauke wuta, shi ne na gona da daji. Amma shi ne kuma ya fi ƙara da nauyi da son kulawa, ga fetur ya yi tsada tun da a ka janye tallafi a watan Mayun 2023.

Babban kuskuren da masu saye ke yi a wajen girma ya ke. Mutum ya ga 'yan katako da ƙaton injin nan samfurin Stihl 070, sai ya ce shi ma shi ya ke so, wai babba ya fi ƙarko. Injin nan girmansa si-si 106 ne, watau ya kai na babur ɗin da 'yan acaɓa ke hawa, nauyinsa kuwa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa ba, wanda za mu kira ruwan zarto. An yi shi ne don tsaga manyan gumagumai a kurmi, a hannun wanda ya shekara yana aikin. Mai gidan da ya ɗauke shi don reshen goba, kafin rabin sa'a hannunsa ya gaji, gajiya kuwa ita ce ƙofar tsautsayi. Abin da ya dace da gida shi ne inji mai si-si 30 zuwa 40, nauyi kilo 4 zuwa 5, ruwan zarto inci 14 ko 16. Wannan zai datse kowane reshe da gungumen da a kan samu a gida ko lambu, in kuwa itacen ya fi ƙarfinsa, to alama ce aikin na gwani ne. Ka ɗauki injin a shago, ka miƙe hannu da shi na ɗan lokaci. In ka ji kafaɗa ta fara kuka tun a gaban mai shago, mayar masa da kayansa.

Abu na biyu, wanda ba a cinikinsa, shi ne birki. Sarƙar nan tana gudun wajen mita 20 a cikin daƙiƙa guda. In gefen sama na tsinin ruwan zarto ya taɓa wani reshe ko ƙusa, ko itace ya matse sarƙar, sai injin ya yi tutsu ya taso sama wajen fuskar mai riƙe da shi, kafin ƙiftawar ido. Don maganin wannan a ka sa wani marfi a gaban mariƙin hannun hagu, wanda da ya ture gaba sai sarƙa ta tsaya cik. Waɗansu tsofaffin manyan injuna ba su da shi sam, waɗansu na jabu kuwa suna da marfin amma ado ne kawai. Saboda haka ka sa mai shago ya tayar da injin a gabanka. Ya tura marfin gaba, ya ɗan ba shi wuta, ka ga ko sarƙa za ta motsa. Ka duba kuma in injin yana aiki ba a taɓa maƙunnin wuta ba, sarƙa ta tsaya, kada ta riƙa zagayawa da kanta. Sa'an nan ya nuna tsinin ga wani kwali ya ba shi wuta, in famfon mai yana aiki za ka ga layin mai ya fantsama a jikin kwalin.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. In an yi maka tayin inji mai babban suna a kan sulusin kuɗinsa, ka san akwai magana. Launi da tambari ba su da wuyar kwaikwayo, ƙarfen fistin da na sarƙa su ne ke tona asiri bayan mako biyu. Nemi dilan da zai ba ka rasiɗi mai ɗauke da lambar injin, da littafin bayani, da alkawarin gyara. Inji mai matsakaicin suna wanda a ke samun sarƙarsa da fuloginsa da igiyar tayarwa a garinku ya fi shahararre wanda sai an aika Ikko kafin a sami ƙusarsa.

Kada kuma a manta da kuɗin ciyar da shi. Injin fetur ɗin nan ba shi da ma'ajin baƙin mai irin na mota, gauraya masa a ke yi da fetur. Yawancin na zamani kashi 50 na fetur su ke so da kashi 1 na mai, watau mililita 100 na man 2T a cikin lita 5, amma a bi abin da littafinsa ya faɗa. Wanda ya zuba fetur tsura ya ƙone injinsa a wuni ɗaya. A gauraya iyakar abin da za a ƙarar a cikin wata. Sarƙa ma tana da nata tankin mai dabam, kada a zuba mata konannen man da a ka juye daga mota, domin yana ɗauke da garin ƙarfe mai cin famfo da ruwan zarto. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, a riƙa kakkaɓe ta. Yashi da ƙasar da gara ke ginawa a jikin itace su ne manyan abokan gaban haƙoran sarƙa, a kankare su da adda kafin a fara, kada kuma a bari sarƙa ta taɓa ƙasa. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi ta ke zubarwa, in ka ga tana zubar da gari kamar na tuwo, ta dakushe, sai a wasa ta da siririn magagari mai zagaye. Itace mai tauri irin ƙirya da marke ya fi saurin cinye kaifi.

Duk wanda ya ware kuɗin inji ya ware na kariya tare: hular kwano, da tabarau, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon nan na musamman mai zaren da ke sarƙe sarƙa ya tsayar da ita. Ƙarar injin fetur ta haura ma'aunin desibel 100, alhali masana sun ce daga 85 kunne ya fara cutuwa in an daɗe, don haka a toshe kunne. Babbar riga da rawani da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. A riƙe inji da hannu biyu, a ajiye shi ƙasa kafin a ja igiya, kada a yanka abin da ya wuce tsayin kafaɗa, kada a hau tsani da shi. Kada mutum ya yi aikin shi kaɗai a daji, yara kuwa a kore su nesa. Itacen da ya jingina da wayar lantarki ko rufin ɗaki a bar wa masu sana'ar.

Magana ta ƙarshe a kan itacen kansa ta ke. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, injin nan kuwa minti biyar ya ishe shi ya kwantar da ita. Mun ga yadda a ka yi wa madobiya a Taraba da makwabtanta don kai wa ƙasar Sin, har a 2016 a ka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Ghana ta hana tsaga katakon sayarwa da wannan inji tun 1998. A nan gida an kafa hukumar dashen katangar itatuwa a 2015 don tare hamada a jihohi 11 na arewa, jihohi kuma suna da dokokin gandun daji, saboda haka wanda zai kayar da ɗanyen itace ya fara neman izni wurin ma'aikatan daji na yankinsa. Mai gida ya sayi zartonsa don busasshen itace da reshen da iska ta karya, ya bar ɗorawa da tsamiya da gawo a tsaye, in kuwa dole ta sa ya kayar da ɗaya, ya dasa biyu a damina mai zuwa.