Wanda bai ci dankalin Dublin ba, bai ga Dublin ba



Mu biyu muka yi kwana biyar a Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, ni da wani abokin aikina. Jirgi ɗaya ya kai mu, masauki ɗaya muka sauka, amma da muka dawo sai ka rantse ba gari ɗaya muka je ba. Shi tun daren farko ya yi ta cigiya har ya gano wani gidan abinci na 'yan Najeriya, kullum can yake cin dafa-duka da kaza. Da rana sai ya shiga unguwar Temple Bar inda baƙi ke cincirindo, ya yi hoto, ya hau gadar Ha'penny ya yi wani, ya tura gida. Da ƙanwarsa ta tambaye shi abin da mutanen can suke ci, sai ya ce, "Ai ba su da abinci, dankali ne kawai."

Wannan amsar ce ta hana ni sakat har na zauna rubuta wannan. Dankalin dai gaskiya ne. Kalmar "kawai" ɗin ce ban yarda da ita ba. A ganina baƙon da ya ƙi ɗanɗana abincin gari ya yi asarar rabin kuɗin jirginsa, domin gine-ginen da yake hoto a gabansu ba za su yi masa bayanin kansu ba. A Dublin kuwa, bayanin yana cikin faranti.

Duk abin da ka nema a garin, da wuya ya zo babu dankali. Akwai farfesun rago da dankali da albasa, wanda duniya ta sani da Irish stew. Akwai colcannon, dafaffen dankali da aka murƙushe da kabeji da man shanu. Akwai boxty, wata irin wainar dankali da ake soyawa a tanda mai faɗi. Wannan dankalin shi ne namu na turawa da ake nomawa a Filato, wanda 'yan kasuwarmu har gobe suke kira Irish. Asalinsa kuwa daga tsaunukan Kudancin Amurka yake, turawa ne suka kawo shi Turai.

Me ya sa ya mamaye tukunyarsu haka? A ƙarni na 19 Ireland tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, manyan gonaki suna hannun tsirarun masu ƙasa, talaka kuma ɗan haya ne a kan ɗan fili. Hatsin da ya noma da dabbar da ya kiwata na biyan haya ne. Abin da zai ci da iyalinsa shi ne dankali, saboda ƙaramin fili yana ba da mai yawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar da shi kaɗai suka dogara. A 1845 wata cuta ta faɗa wa shukar, dankali ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, shekara bayan shekara. Daga nan zuwa 1852 mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka tsallaka teku. A cikin waɗannan shekarun ba a daina lodin hatsi da shanu a tashoshin jiragen ruwa ana kaiwa Ingila ba. Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan 8 a tsibirin, kuma har yau yawansu bai koma haka ba. Da harshensu suna kiran wannan lokaci An Gorta Mór, wato Babbar Yunwa.

Da wannan a ranka, ka taka bakin kogin Liffey zuwa Custom House Quay. Za ka tarar da mutum-mutumin tagulla na wasu mutane dogaye, ramammu, cikin tsumma, sun rungume ƙunshin kayansu sun nufi tashar jirgi. Ɗaya ya saɓa yaro a kafaɗa, ga wani kare yana bin su a baya. Rowan Gillespie ne ya ƙera su, aka kafa su a 1997. Gaba kaɗan akwai kwaikwayon jirgin ruwan Jeanie Johnston, wanda ya yi suna saboda bai taɓa rasa ran fasinja ba, a zamanin da ake yi wa irin waɗannan jiragen laƙabi da akwatunan gawa. Abokina ya wuce ta wajen, ya ce gumaka ne marasa kyan gani. Ni kuwa da na ci colcannon a daren jiya, mai kawo abincin ta ɗan gutsura mini labarin, sai na kasa ɗaga waya. Wanda ya taso yana jin iyaye suna ba da labarin farin 1973 ba ya bukatar tafinta a wajen nan.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma suna da hujja.

Na farko, maganar halal. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ni kaina na sha kunya a kanta. A rana ta biyu na shiga wani gidan abinci, na ga miyar kifi mai kauri da madara, wadda suke kira chowder, na ce a kawo ba tare da na yi tambaya ba. Cokali na juyawa na ga 'yan jajayen yanka suna yawo a ciki. Naman alade ne. Haka na biya kuɗi na tashi da yunwata. Laifina ne, domin matambayi ba ya ɓata. Ga abin da na koya: karin kumallonsu na gargajiya cike yake da alade, har da wani baƙin tsiran da suke kira black pudding wanda da jini ake yin sa. Coddle, abincin da 'yan Dublin ke alfahari da shi, alade ne da dankali. Wani farfesun naman sa da giya ake dafa shi, wani lokacin ma ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya akwai giya a ciki. Ragon kuma sai ka tambayi yanka. Duk da haka abin da ya rage yana da yawa. Garin a bakin teku yake, kifi ba ya yankewa. Akwai dankalin ta kowace fuska, akwai burodinsu mai nauyi da ake kwaɓawa da tsala da soda maimakon yis, ga man shanu mai kyau, ga shayi da madara da suke sha kamar mu. Masu kawo abinci sun saba da tambaya, ba wanda zai harare ka. In nama kake so, akwai shagunan halal a kewayen masallacin da ke titin South Circular Road, wanda a da coci ne kafin Musulmi su saye shi a 1983.

Na biyu, a ce abincin salam yake. Wannan na amince. Harshen da ya saba da attaruhu da daddawa zai ji kamar an manta da wani abu. Ni da 'yar robar yaji nake yawo a aljihu, ban kuma ji kunyar fito da ita ba. Amma ka fara ɗanɗanawa yadda suka dafa kafin ka barbaɗa. Girkin talakan da ba shi da komai sai dankali da gishiri da nono ne, kuma sanin hakan ma ilimi ne.

Na uku, tsada. Dublin gari ne mai cin kuɗi, wanda kuma ya canza naira zuwa yuro kowane faranti sai ya yi masa lissafi. Sai dai inda baƙi suka fi taruwa nan farashi ya fi zafi. Ka fita daga Temple Bar ka bi inda ma'aikata ke cin na rana. Ka sayi soyayyen kifi da dankali a ƙunshi, ka zauna a benci ka ci. Shagon Leo Burdock da ke kusa da cocin Christ Church tun 1913 yake wannan sana'a, ita kanta sana'ar kuwa baƙi 'yan Italiya ne suka kawo ta garin. Ko ka hau jirgin ƙasa na DART, kamar rabin awa ka isa Howth, ƙauyen masunta, ka ci kifi kana kallon kwale-kwalen da ke kamo shi.

Yawon buɗe idon ma haka yake. Mai kwana kaɗan gara ya zaɓi wuri uku ya tsaya ya fahimta, da ya zaga ashirin a guje. Kowa zai ce maka ka je jami'ar Trinity, wadda aka kafa a 1592, ka ga Littafin Kells, Linjila huɗu da aka rubuta da hannu aka ƙawata wajen shekara ta 800. Ya cancanci gani, amma za ka biya, za ka bi layi, kuma shafukan da aka buɗe ranar kaɗai za ka gani. 'Yan mintuna daga nan, a harabar fadar Dublin, akwai ɗakin littattafai na Chester Beatty, shiga kyauta. Suna ajiye da rubutattun littattafai na Gabas da Yamma, ciki har da Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta da hannunsa a Bagadaza a shekara ta 391 bayan hijira. Abokina bai san da wurin ba sai a jirgi muna dawowa. Akwai kuma kurkukun Kilmainham, inda aka harbe mutum 14 daga jagororin boren 1916. Shi sai ka yanki tikiti tun da wuri. In ka haɗa shi da mutanen tagullan bakin kogi, ka fahimci dalilin da ya sa 'yan ƙasar suka dage sai sun rabu da mulkin Birtaniya.

Ban ce kowa ya bar tuwonsa ba. Ni ma a dare na huɗu kewar gida ta kama ni, na bi abokina muka ci dafa-dukar, na kuma ji daɗinta. Wanda ya shekara a can yana karatu ko aiki, dole ya san hanyar Moore Street inda ake samun garin rogo da manja. Maganata a kan mai kwana biyar ce, wanda ya tara kuɗi, ya sha wahalar biza, sannan ya je ya ɓuya a cikin abin da ya baro a gida. Irinsa shi ne yake dawowa ya yanke wa al'umma guda hukunci da kalma ɗaya, mu kuma mu ɗauka mu yaɗa. Mu da muke jin zafi in baƙo ya kwana biyu a otal a Kano ya koma ya ce ya san Hausawa, bai kamata mu yi wa wasu haka ba.

Kun san cikinmu akwai masu shirin tafiya, wasu karatu, wasu taro. Duk garin da Allah ya kai ku, ko sau ɗaya ne ku zauna inda 'yan gari ke ci, ku tambayi abin da ke cikin kwanon da dalilin da ya sa suke cin sa. Wanda kuma yake ganin abokina ne da gaskiya, ga fili nan a ƙasa, ina sauraro.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.