Manhaja Ta Datse Sunan Mutum, Mu Kuma Mun Sa Hannu

Duk wanda ya taɓa aika maƙala zuwa mujallar ilimi ya san wahalar jera manazarta. Wannan mujalla tana son salon APA, waccan MLA, wata kuma Chicago. Shi ya sa muka rungumi manhajoji irin su Zotero da Mendeley: ka zuba bayanin littafi, ka danna, su jera maka komai cikin ƙiftawar ido. Ba mu ƙi sauƙi ba. Abin da muka ƙi shi ne miƙa wa na'ura hankalinmu gaba ɗaya.

An gina waɗannan salo a kan tsarin sunan Turawa, inda kalmar ƙarshe ita ce sunan dangi. Mu kuwa sunan mutum yakan biyo da na mahaifinsa, ko garinsu, ko laƙabi. Sai ga marubucin Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya koma "Balewa, A. T.", an raba sunan gari biyu, an kuma cire wa ɓ ƙugiyarta. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama "Dabino, A. A. G." Wa ya taɓa kiran sa haka? Ɗalibin da ya shiga kasuwa neman littafin wani Dabino zai dawo hannu rabbana.

Matsala ta biyu ta fi ciwo. A salon APA, hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba, a cikin rubutu kawai ake ambaton ta, ba ta shiga jerin manazarta. Ke nan tsohuwar da ta ba mu tatsuniya ashirin, da makaɗin da ya warware mana tarihin masarauta, ba su da gurbi a shafin ƙarshe, amma wanda ya yi sharhin layi biyu a kansu yana da shi. Alhali mu ne magadan isnadi, inda malami ke faɗin wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan.

Wasu za su ce ƙa'ida ƙa'ida ce, in kowa ya bi son ransa za a rikice. Gaskiya ne. To ai mutane ne suka zauna suka tsara APA, har ta kai bugu na bakwai a 2019. Zotero kuma tana ba da damar rubuta suna a gurbi ɗaya ba tare da an datse shi ba, tana karɓar sabon salo daga kowa.

Saboda haka muna kira ga masana Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su zauna da editocin mujallu, su fitar da salo guda: cikakken suna yadda mai shi ke amsa shi, haruffa masu ƙugiya, da sashe na musamman na waɗanda aka yi hira da su. Kafin nan, kada mu aika maƙala sai mun bi jerin manazarta layi-layi da idonmu.